Daɓen Gidan Soraye

"Ko a aiko a ce Uwa mun gode, mun sallame ki. Ko wannan ba su yi ba."

Ina bayan ɗaki ina shanya na ji Iya ta faɗi haka. Ba da ni take ba, da ƙawarta Goggo Asama'u take, suna zaune a inuwar rumfa suna ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗaga murya ba, kamar dai mai cewa gishiri ya ƙare. Ni kuwa na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwan ya gangaro mini gwiwar hannu, don na san sun aiko. Ni ce na tari ɗan aiken a zaure, ni ce kuma na mayar da shi.

Iya kakata ce ta wajen uba, a ɗakinta na tashi. Sunanta Uwa, amma duk Ƙofar Jatau Uwar Daɓe ake ce mata. In za a yi daɓen ɗakin amarya ko na wani babban soro, ita ake aiko wa, ita ke tara mata da madaɓansu, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a randa kwana da kwanaki har ruwan ya yi ja. Babban aikinta shi ne Gidan Soraye, wani tsohon gidan sarauta da ke can tsakiyar birni. Duk bayan shekara biyu ko uku sai a sabunta daɓensa, kuma tun kafin a haifi babana hannun Iya ke ciki. Daga baya mutanen gidan suka gina na bulo a wajen ganuwa suka koma, aka ce za a gyara tsohon a buɗe shi gidan tarihi, kowa ya shiga ya yi kallo.

Shekarar da aka fara UPE ne, shirin nan na karatun firamare kyauta, na gama sakandare ina gida ina jiran a tura ni koyarwa. Gwiwar Iya ta kumbura, na raka ta asibitin Wusasa. Likitan ya yi bayani da Turanci, ni na fassara mata, ya ce ta daina durƙuso in tana son ƙafar. Tun daga ranar take kirana Likita. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. A gidanmu ban cika magana ba, ko baƙo aka yi ɗaki nake shigewa, to ga shi yau an sami abin da na sani wanda wasu ba su sani ba.

Kwana goma bayan haka ina sharar zaure da hantsi sai ga Malam Nasidi, ɗaya daga cikin manyan maginan birni, ya jingine kekensa ya yi sallama. Ya ce an sa shi ya tambayi Uwa ko za ta tara mata, don ana so a yi daɓen soraye bakwai kafin a buɗe gidan. In ba za ta samu dama ba, akwai masu cewa a zuba siminti a huta.

Kaina a sunkuye na ce, "Ba ta da lafiya. Likita ya ce ba ta ƙara durƙuso."

Ya ce, "Ko na shiga na gaishe ta?"

Na ce ta kwanta. Gaskiya ne ta kwanta, amma idonta biyu, ina jin rediyonta daga nan. Abin da na gani a raina shi ne soro bakwai, da gwiwar nan kamar ƙwarya, da halin Iya da ba ta iya cewa a'a. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, a gaishe ta, ya hau kekensa.

Na yi niyyar faɗa mata da na shiga. Na tarar tana dariyar wani wasa a rediyo, na ce bari a gama. Da aka gama ta tashi alwala. Washegari na ga in na faɗa za ta ce me ya sa ban faɗa jiya ba. Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Ina kallo ta sa aka sayo makuba ta jiƙa, ta fito da madaɓai goma sha biyu daga ƙarƙashin gado ta goge su da man gyaɗa. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai. Har labari ya iso cewa an ga motar siminti a ƙofar Gidan Soraye. Ranar ta mayar da madaɓan inda ta ɗauko su.

Wata biyar ke nan da yin haka ranar da na ji maganar nan tata a bayan ɗaki. Ban gama shanyar ba ta ƙwala mini kira.

"Likita, an ce an buɗe gidan, har Turawa na zuwa. Jibi za ki raka mu, ni da wannan tsohuwar."

Goggo Asama'u ta ce, "Wace ce tsohuwar? Na ga dai da haƙorana nake cin goro, ke sai an goga miki."

Na ce, "Iya, da nisa fa. Ƙafarki."

"Ƙafar tawa ce ko taki?"

Muka fita ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. Tafiyar da nake yi a minti ashirin sai da ta ci mana awa guda, don kowane lungu sai an tsaya gaisuwa. Mata na leƙowa ta ƙofa suna Uwar Daɓe ina zuwa haka, tana cewa za ta je kallon gidan tarihi, wai ita ma ta zama baƙuwa. Tana faɗa tana dariya. Ni ina bayansu riƙe da lema, ina ta addu'ar mu tarar da gidan a rufe.

A buɗe yake. An yi wa fuskar gidan sabon yaɓe, zanen da ke saman ƙofa ya fito raɗau, ga zankwaye a tsaye a kan katanga kamar kunnuwan zomo. A cikin zaure an ajiye tebur, wani mutum mai gajeren hannun riga da biro biyu a aljihu yana zaune. Ya ce sunansa Malam Harold, daga Wusasa yake, shi ke zagayawa da baƙi. Ya ce mu ɗan jira ɗaliban jami'a da ke tafe sai a shiga tare.

Iya ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa.

Ya ce, "Iya, ba sai kin cire ba, yanzu da takalmi ake shiga."

Ta ce, "Ɗana, ban taɓa taka gidan nan da takalmi ba, ba yau zan fara ba."

Ta ɗora ƙafa a kan simintin. An shafa masa jan fenti, don ya yi kama da daɓe ina ji. Ta tsaya. Ta ɗan buga diddigenta sau biyu, ta matsa gaba ta sake bugawa. Goggo Asama'u na kallonta, ni ma ina kallonta. Sai kawai ta gyara mayafinta ta ce mu je.

Ɗaliban suka iso, su wajen goma da malaminsu Bature, kowa da littafi. Malam Harold ya shige gaba. Ni ban taɓa shiga gidan ba sai ranar, don ba a zuwa daɓe da 'yan mata, an ce waƙoƙin da ake yi na manya ne. Soro na farko kaɗai ya isa mutum ya riƙe baki. Bakan gizo shida ne suka taso daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, an kafa wani farantin tagulla a mahaɗarsu. Tsakaninsu an jera azara sanda bayan sanda kamar saƙar tabarma. Bangon kuwa ko'ina zane ne da aka fitar da hannu tun ƙasar na ɗanya, ga dagi, ga takobi, ga wasu layuka da ke nannaɗe juna har ido ya gaji bai ga inda suka fara ba. Ga sanyi kamar an shiga randa. A soro na biyu an jera tasoshin tagulla da akusa da manyan riguna masu aska a cikin akwatin gilashi.

Kowa kansa a sama. Malam Harold na nuni da sanda, yana faɗin yadda magina ke lanƙwasa bakan gizo ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, ɗalibai na rubutawa. Iya kaɗai ce kanta a ƙasa. Tana bin gefen bango a hankali, wani lokaci ta tsaya a wata kusurwa ta daɗe, kamar mai neman abin da ta yar.

A soro na huɗu wata ɗaliba mai gilashi ta tambaya ko asalin ƙasan haka yake. Malam Harold ya ce a'a, da daɓe ne, aikin mata. Ya ce an so a sabunta shi yadda yake, aka nemi masu yi ba a samu ba.

Goggo Asama'u ta ce, "A ina aka nema? A Ikko?"

Ɗaliban suka yi dariya. Ni na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Malam Harold ya juyo ya ce shi dai haka aka faɗa masa, lokacin bai kama aiki ba. Goggo ta nuna Iya da haɓa.

"To ga wadda ba a samu ba. Shekara arba'in tana daɓe gidan nan. Ƙofar Jatau take, ba ta ƙaura ba."

Iya ta ce, "Asama'u, kallo muka zo."

Amma Malam Harold ya riga ya mayar da sandarsa ƙarƙashin hammata. Ya ce akwai wani ɗan ɗaki a can ƙurya da siminti bai kai ba, an ɗaure ƙofarsa da igiya don kada a taka. Ya roƙi Iya ta zo ta gani. Muka bi shi duka, har Baturen.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya ce a can sama. Ƙasansa baƙi-baƙi ja-ja, yana ɗaukar ido kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Malam Harold ya kwance igiyar da kansa. Iya ta shiga, ta yi taku uku, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ta buga diddige. Ƙarar daban ce da ta simintin, ko ni na ji.

Ta ce, "Wannan shekarar da farar dango ta sauka muka yi shi. Mu tara ne." Ta matsa wajen bango ta shafa da tafin ƙafa. "Nan wurin Asama'u ne. Kun ji ɗan kwarin nan? Bahaguwa ce, kullum sai ta cinye gefe ɗaya."

"Ƙarya kike yi, nan Ramatu ce, Allah ya jiƙanta. Ni ina bakin ƙofa."

"Bakin ƙofa wajen ƙwaryar fura, ai na sani."

Ɗalibai suka matso, biro na ta gudu. Suka tambaye ta da me ake yi, ta ce tsakuwar marmara ce ake tankaɗewa a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kafaɗa da kafaɗa su yi ta bugu suna ja da baya. Kwana uku ana yi, ana zuba ruwan makuba yana shiga, rana ta ƙarshe a goge da dutse. Ban taɓa jin ta yi dogon bayani haka ba. Muryarta ma ta canza.

Malam Harold ya dubi sandar da Iya ke dogarawa ya ce, "Amma Iya, da wannan ƙafar, kwana uku a durƙushe ai sai a hankali."

Iya ta yi dariya har da riƙe bango.

"Ni? Rabona da riƙe madaɓi tun kafin yaƙin basasa. Uwar daɓe ba ta daɓe, ɗana. Tafiya take yi a bayansu, tana ji da diddige, inda ya yi rami ta ce ke koma nan. Ita ke ɗanɗana makuba ta san ta nuna. Ita ke ba da waƙa don hannu ya sauka tare. Wadda ta koya mini ma daga ƙarshe a kan kujera ake ajiye ta a bakin ƙofa, da kunne kawai take aiki, ta ce ta uku daga dama hannunki ya mutu. Durƙuso na yara ne."

Na jingina da bangon waje. Shekara goma sha tara ina kwana ɗaki ɗaya da matar nan ban san wannan ba. Ina ganin ta fita da safe ta dawo da yamma da jan ruwa a ƙafa, ban taɓa cewa Iya yaya ake yi ba. Biyar daga cikin shekarun ina makarantar kwana, sauran kuma ina ganin na sani, daɓe dai ai durƙuso ne da bugu. Tambaya ɗaya da na yi mata a ranar, ko na bar Malam Nasidi ya taka zuwa ƙofar ɗakinta, da shi ke nan.

Ina cikin wannan na ji muryarsa. Ashe yana bayan gidan shi da mutanensa suna gyaran wata katanga, aka ce masa ga Uwar Daɓe ta zo. Ya shigo hannunsa duk ƙasa, ya cire hula ya goge goshi ya mayar, ya durƙusa a bakin ɗan ɗakin.

"Uwa, barka da zuwa. Yaya ƙafar? An samu sauƙi?"

Iya ta dube shi sama da ƙasa. "Nasidi. Wa ya ce maka ina ciwon ƙafa?"

Ya ɗaga kai. Idonsa ya zo kaina, ya tsaya. Na san ya gane ni, na kuma san ya gane sauran, don na ga yadda fuskarsa ta yi. Na jira ya faɗa, har wani ɓangare na zuciyata na so ya faɗa a gama.

Ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Cikin gari ne, Uwa, magana ba ta ɓuya."

"Labarin ƙafata ya iso ka, amma kai taka ƙafar ba ta iso gidana ba."

"Mun yi kuskure. A yi mana haƙuri."

"Na yi," in ji ta. "Ai ga shi na zo kallo."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi. Da zai wuce ta gabana bai dube ni ba, ya dai ce, "Sannu, 'yan mata," ya koma wajen aikinsa.

Malam Harold ya rubuta sunan Iya da unguwarmu a littafinsa, ya ce zai zo ya ɗauki bayaninta a rikoda in ta yarda. Ta ce ƙofa a buɗe take, ba a taɓa mayar da kowa ba. Sauran sorayen uku ba ta shiga ba, ta ce ta gaji. Muka zauna a zaure har Goggo Asama'u ta gama kallon kayan gilashi, ta fito tana cewa akushin da aka kulle ɗin nan irinsa ne take ba kajinta ruwa a ciki.

A hanyar dawowa Goggo ta rabu da mu a mararraba, za ta gaida 'yarta. Muka rage mu biyu. Rana ta take, na buɗe lema na riƙe mata. Ba mu yi nisa ba ta ce mu zauna, muka samu dakalin wani gida da ke da inuwar darbejiya. Ta miƙe ƙafar tana matsa gwiwar da hannu.

Ta ce, "Ginin ya yi kyau. Sun iya yaɓe, ba a raina musu."

Na ce e.

"Simintin ma ba laifi. Ba ya son shara da yawa." Wani mai kunun zaƙi ya wuce, ta bi shi da ido. "Nasidin ne ya ba ni mamaki. Ni na yi wa uwarsa daɓen ɗakin aure. Da aka haife shi a hannuna aka yi masa wanka. In manya sun ce siminti, ba shi da iko, na sani. Amma ya hau kekensa ya zo ya ce Uwa ga abin da ake ciki, wannan ai bai fi ƙarfinsa ba. Na so in sa masa albarka ɗazu, bakina ya ƙi."

Na dubi hannuna a kan sandar lemar. Na san in muka tashi daga dakalin nan muka shiga gida, za ta kunna rediyo, ni in shiga madafa, gobe kuma ta fi yau wuya. Litinin mai zuwa zan tafi inda aka tura ni koyarwa.

Ta ce, "Likita, yau ko tari ba ki yi ba. Gidan bai burge ki ba ne?"

Na ce, "Iya."

"Na'am."

"Malam Nasidi ya zo. Tun da rani, bayan mun dawo daga Wusasa. Ni ya tarar a zaure."

Hannunta ya tsaya a kan gwiwar. Ba ta juyo ba.

Na ce, "Da na shigo na faɗa miki a ranar, da kin je?"